Haɗin Azare Ne, Ba Na Maiduguri Ba

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, wayar sana'arta tana cikin jakata, kuma ba ta daina motsi ba. Muna ta innalillahi a tsakar gida, ita kuwa saƙonni sai shigowa suke yi. Wata a Kaduna tana tambayar ko an ba direba kwalbarta, wata a Legas tana son turaren amarya kafin ƙarshen wata. Ban amsa wa kowa ba. Ban kuma kashe wayar ba, don Gwaggo ta tsani a kashe ta. Takan ce ba a rufe ƙofar zaure da baƙo a tsaye.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu. Turaren wuta take haɗawa a nan Azare tun kafin a haife ni, kuma duk unguwa Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni kuwa aikina talla ce a intanet. Ina buɗe wa 'yan kasuwa shafi, in gyara shi yadda idan mutum ya rubuta abin da yake nema a injin bincike, nasu zai fito a sama, ba can ƙasa inda ba mai leƙawa ba. Shafin Gwaggo shi ne na farko da na taɓa yi, kuma a kansa ne kaɗai aka taɓa kora ta daga gida.

Jama'a sun zo fiye da yadda muka yi zato. Matan garin Chinade sun iso a kan babura tun gawa ba ta fita ba. Wata tsohuwa daga rugar bayan gari ta sauke ƙwaryar nononta a gindin bishiya, ta yi doguwar addu'a da Fillanci, sannan ta juyo ta ce mana duk 'ya'yanta mata da turaren Gwaggo aka kai su ɗaki. Sista ma ta zo, ma'aikaciyar jinyar nan 'yar kudancin Bauchi da ta daɗe tana haya a layinmu. Ta yafa gyale ta zauna cikin mata tana hawaye har ta tashi tafiya. Ta riƙe hannuna ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi min faɗa?"

Abin da ya fi karya min zuciya shi ne kwalabe. Gwaggo tana da doka, turaren gawa ba na sayarwa ba ne. Duk gidan da aka yi rasuwa a unguwa, kafin a gama ɗinka likkafani ta aika musu da 'yar kwalba. Da aka zo turara nata likkafanin, sai ga mata suna fito da ragowar waɗannan kwalabe daga cikin mayafi, wata rabi, wata ɗan kaɗan a gindi. Ashe ajiye su suka yi duk shekarun nan. Da kyautarta aka turara ta.

A rana ta uku ne aka yi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wata baƙuwa ce daga Abuja, ta rako matar Yaya gaisuwa. Yaya shi ne babban ɗan Gwaggo, a can yake aiki. Baƙuwar ta hango hoton Gwaggo a jikin bango, ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki! Ashe ita ce mai turaren Maiduguri ɗin nan? Na sha ganin hotonta a waya."

Gwaggo Ƙarama, ƙanwar marigayiya da suke zaune tare tun da mazajensu suka rasu, ta ɗago kai daga carbinta. Ba baƙuwar ta duba ba, ni ta duba. Kuma gaskiyarta. Matar ba ta yi laifi ba, abin da ta gani ta faɗa. Ni na rubuta wannan ƙaryar da hannuna shekarun baya, na goge ta, amma har yau tana yawo.

To ga amsata ga baƙuwar, da duk wanda zai nemi Gwaggo a waya nan gaba. Ba mai turaren Maiduguri ba ce. A Azare aka haife ta, a Azare ta kafa tukunyarta, a Azare aka binne ta.

Lokacin da na fara kawo mata zancen shafi, sai da ta gama dariya sannan ta amsa. Tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, tana juya icen turare a cikin narkakken sukari, hayaƙi ya cika rumfa. Ta ce, "Ke Mai Waya, turare ake sayarwa a nan. Wayar taki tana da hanci ne?"

Na ce ba ta da shi, amma tana da ido, kuma tana kai magana har Fatakwal.

"Ni maganata ta kai Gololo da Yana ba tare da ita ba."

"Gwaggo, Gololo ba ita ce ƙarshen duniya ba."

"Ƙarshen tawa duniyar ce," in ji ta, ta ci gaba da juyi. Sai da na yi kusan wata ina naci sannan ta ce in je in yi, amma kada in ɗauki hotonta tana cin goro.

Na buɗe shafin. Na sa hotunan kwalabe, na sa gidan a taswirar waya don baƙo ya zo ba sai ya yi tambaya ba. Wannan ma sai da ta yi ƙorafi, wai tun da aka kafa unguwar ba wanda ya taɓa ɓata a hanyar gidanta, ƙamshi ke kawo mutum. Na kuma zauna da wata manhaja da mu masu wannan aiki muke taƙama da ita, wadda ke nuna kalmomin da mutane suka fi rubutawa idan suna neman kaya. Na kwashi manyan kalmomi na Turanci na jera a shafin. Aka yi makonni shiru, ko kira ɗaya babu.

Wata rana ta ce in faɗa mata abin da na rubuta. Na fassara mata, turare mai daraja, na alfarma, na manyan mata. Ta tsuke baki ta ce, "Wace mace ce ta taɓa shigowa gidan nan ta ce a ba ta na alfarma? Zauna nan gobe, ki rufe bakinki, ki buɗe kunne."

Na zauna. Ta farko ta ce tana son wanda ba ya hawa kai, don maigidanta yana fama da ciwon kai. Ta biyu ta ce na jego. Ta uku uwar amarya ce, ta ce wanda zai kama kaya ya kai mako bai sake ba. Sista ta leƙo ta ce a ba ta irin na rannan da ba ya sa tari. Da suka watse Gwaggo ta ce, "To kin ji. Abin da mace ta faɗa da bakinta a gabana, shi za ta rubuta idan ta kaɗaita da wayarta. Je ki sa waɗannan."

Na sa su yadda suka fito daga bakin matan, da Hausa. Ba a rufa mako biyu ba waya ta fara ƙara. Na yi karatun wannan aiki, na san manhajoji iri-iri, amma wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba ita ta koya min asalin abin. Har yau duk ɗan kasuwar da ya zo wurina, kafin in buɗe kwamfuta sai na yini a shagonsa ina sauraron masu saye.

Daga nan ta shiga harkar da ƙarfinta, amma a kan nata sharuɗɗan. Akwai wani shafi da ke nuna min garuruwan da ake leƙa mu daga cikinsu, takan sa in karanto mata, tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin jikoki. In na ce Jos ta ce akwai sanyi, a ƙara musu mai ƙarfi. In na ce Legas ta ce a ɗaure bakin kwalba da kyau, hanya da nisa. Saƙon murya kuwa da kanta take amsawa, kuma ba ta san gajarta ba. Matar da ta tambayi kwalba ɗaya sai ta samu gaisuwa, da tambayar lafiyar yara, da faɗa a kan zuba turare da yawa a kasko. "Ba girki kike yi ba, 'yata. Ɗan tsunkule ya isa."

Akwai ranar da wani ya yi min tayin zai sa a rubuta mana yabo a ƙarƙashin shafi, da taurari biyar-biyar, daga mutanen da ba su taɓa sayen komai ba. Abu ne da ake yi, kuma yana ɗaga shafi. Na gaya wa Gwaggo a matsayin albishir. Ta ce, "Su waye za su yabe ni?" Na ce ba mu san su ba. Ta ce, "Sun shaƙi turarena?" Na ce a'a. Ta ce, "To shaidar zur ke nan. Ki ce masa na gode." Wata kuma ta taɓa rubuta cewa kwalbarta ta iso a fashe, ta ba mu tauraro ɗaya. Na so in san yadda zan yi a ɓoye shi. Gwaggo ta hana, ta aika mata wata, ta ce a bar rubutun a inda yake don mai zuwa ya san mu ma mutane ne. Yana nan har yau.

Duk da na ga waɗannan, ban yi hankali ba.

Manhajar nan ta kalmomi kullum abu ɗaya take nuna min. Masu neman turaren Maiduguri sun yi wa masu neman na ko'ina nisa ba kaɗan ba. Azare kuwa ko a jerin ba ta fitowa. Ni kuma ina da zafin kai na mai sabon ilimi. Na ce a raina ai Gwaggo wurin wata Babarbariya ta koya, ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Wata safiya, ban yi shawara da kowa ba, na cire Azare daga kan shafin na rubuta "Asalin Turaren Maiduguri".

Abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Shafin ya haura sama, waya ta riƙa ƙara har Gwaggo tana tambayar ko wata sallah ce ta matso ba ta sani ba. Ni kuwa ina ta fankama a zuci.

Ba a yi wata ba wata mata ta kira. Ina rumfar ina liƙa takardu a jikin kwalabe, na ji Gwaggo ta yi sallama. Matar da Barbarci ta fara gaisuwa. Gwaggo ta amsa da ɗan abin da ta tsinta, sannan ta ce, "Hajiya, a nan Barbarcina ya ƙare, mu koma Hausa." Matar ta ce ita 'yar Barno ce, aure ya kai ta Ilorin, ta yi kewar ƙamshin gida, ta ga an rubuta asalin na Maiduguri shi ya sa ta kira. Ta tambayi wace unguwa Gwaggo take a can.

Gwaggo ta juyo ta zuba min ido, tana magana da matar amma ni take kallo. "Hajiya, ki yi haƙuri. Ni a Azare nake, ƙasar Katagum. Nawa haɗin nan ne. Yana da kyau, amma ba shi ne ƙamshin gidanku ba, kada in cuce ki."

Ta ajiye wayar a hankali. Ta ce, "Me kika rubuta?"

Na fara kame-kame, ina zancen manhaja, da yawan masu nema, da yadda kowa yake yi.

"Ban tambaye ki kowa ba. Me kika rubuta a kaina?"

Na faɗa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Matar da ta koya min sana'ar nan, Allah ya jiƙanta, a nan bayan gidanmu ta zauna. Ranar da ta sallame ni ta ce hannuna daban ne, kajijina, saiwar ƙamshin da nake sawa, na fadamar nan ne, kada in taɓa cewa na Barno ne. Matan Barno sun sha wahala kafin su yi sunan nan. Ban taya su ba, ba zan ci da shi ba. Kuma me Azare ta yi min da zan ɓoye ta kamar abin kunya?"

Na ce, "Gwaggo, ba mai neman Azare a waya."

"To su koya. Tashi ki bar min gida."

Na ɗauka wasa ne, sai da na ga ta miƙo min takalmana. Na tafi ina kuka ina kuma jin haushi, don a ganina alheri na yi. Babana ya je ba ta haƙuri, ta ce masa, "Kai ma a bayana na goye ka, kada ka sa baki." Kwana huɗu ban taka gidan ba. A na biyar Gwaggo Ƙarama ta zo har ɗakina ta ce in taso ana nemana.

Na tarar Gwaggo ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye waya a tsakiya. Hukuncin shi ne duk wadda ta sayi turare a cikin kwanakin nan, in kira ta da bakina, a gabanta, in ce haɗin Azare ne ba na Maiduguri ba, wadda ba ta so ta dawo da shi. Yini biyu muka yi. Wasu suka yi dariya suka ce su ƙamshi suka saya ba gari ba. Wasu suka zage ni tas, tana zaune tana ɓare goro, ba ta ce musu kanzil ba. Da muka gama ta tura min kwanon dambu ta ce, "Ci. Kin rame."

Tun daga ranar aka kafa karatun Juma'a. Duk Juma'a da la'asar sai in zo in zauna a gabanta, in karanta mata shafin tun daga kai har ƙasa, kalma bayan kalma, har abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotuna. In ta ji abin da bai yi mata ba sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Tsaya." Na taɓa rubuta cewa ƙamshinsa yana wata guda a jikin kaya. Ta ce, "Tsaya. Mako biyu yake yi. Goge." Na rubuta cewa ba kamarsa a arewa. "Tsaya. Kin zaga arewan? Goge." Ba ta iya karatun boko ba, amma ban taɓa samun mai duba aiki da ta kai ta tsanani ba. Gwaggo Ƙarama kuwa tana gefe tana tankaɗe, ba ta cewa komai.

Da muka mayar da Azare shafin ya faɗo ƙasa, kira ya ragu. Na ji zafin abin, ita ko a jikinta. Amma a hankali wani abu ya faru wanda manhajar ba ta hango ba. Wadda ta saya ta gaya wa 'yar'uwarta, ita kuma ba ta riƙe komai ba sai sunan garin, sai ta rubuta "turaren Azare". Wata rana na buɗe manhajar, sai ga kalmar ta fito a jeri, can ƙasa, 'yar ƙarama. Na ruga na nuna wa Gwaggo. Ta karɓi wayar ta juya ta, ta miƙo min ta ce, "Ba na ce miki za su koya ba?"

Ƙaryar kuwa ba ta mutu ba. A cikin kwanakin nan wasu shafuka sun kwashi hotonta da wancan taken sun liƙa a nasu. Na bi su da saƙonni, wasu suka cire, wasu ko amsa ba su yi ba. Abin da kawai ke danne su shi ne shafin gaskiya ya zauna da ƙarfinsa a samansu. Ranar da ya raunana ko ya sauya suna, su za su haura, kuma duk wanda ya nemi Gwaggo abin da baƙuwar Abuja ta gani zai gani.

Shi ya sa maganar Yaya ta tsaya min a wuya.

Bayan addu'ar bakwai, da yamma, mutane sun ragu, ya kira ni rumfar turare. Yaya mutumin kirki ne, shi ya yi ta ɗawainiyar jinyarta, ba zan ci amanarsa a nan ba. Ya ce ya yi tunani a kan shafin. Mahaifiyarsa ta tafi da hannunta, sana'a kuma ba za a bar ta ta mutu ba. Yana da wanda zai riƙa kawo haɗaɗɗe daga Kano, a zuba a kwalabenmu. Hotonta da yabon mutane a bar su yadda suke, sai dai a mayar da sunan Maiduguri, tunda shi aka fi nema.

"Ke da kanki kika taɓa gwadawa, ƙanwata, kin ga yadda ya yi. Ba ni lambar sirrin shafin, ni zan sa a gyara."

Na ce, "Yaya, gida naka ne. Tukwane naka ne. Wayar ma ga ta, riƙe. Amma lambar sirri ba gado ba ce, amana ce, kuma ba zan bayar ba."

"Ni kike faɗa wa haka? Uwata ce fa."

"Uwarka ce, shi ya sa. Da ranta ta kore ni daga gidan nan a kan kalmar nan. Ba zan jira ƙasa ta rufe mata ido in mayar ba. In kana so ka kai ni gaban Baba, ka kai ni gaban mai unguwa, abin da zan faɗa ke nan."

Ya yi tsaki ya ce, "Taurin kan nan ba zai ciyar da kowa ba. Gwaggo Ƙarama fa? Iska za ta ci?"

Ashe tana bayan rumfa tana wanke kwalabe. Wannan baiwar Allah da sai ka yini da ita ba ka ji muryarta ba, ta fito tana goge hannu a zani. Ta ce, "Ni kake yi wa tsoron yunwa, ɗan nan? Wa kake zaton yake juya tukunyar nan tun da hannun yayata ya fara rawa? Damina biyu ke nan. Ita tana shaƙa tana cewa ƙara, rage, ni ina juyawa. Ba wanda zai zuba min kayan wani a kwalbarta ina raye."

Yaya ya juya ya fita. Bai kuma koma Abuja washegari ba kamar yadda ya shirya.

Da Juma'a ta zo, ƙafafuna ne suka kai ni gidan da la'asar, ban yi niyya ba. Na tarar Gwaggo Ƙarama ta hura gawayi, ta ɗora tukunya, tana zaune a kan kujerar nan 'yar tsugunno. Yaya yana bakin ƙofar rumfa yana danna wayarsa. Na tsaya ban san abin yi ba. Ta ce, "Tsayuwar me kike yi? Zauna ki karanta."

Na zauna, na buɗe shafin. Na karanta taken da ƙarfi don wanda ke bakin ƙofa ya ji, "Turaren Gwaggo, haɗin Azare." Na karanta na jego, na amarya, wanda ba ya hawa kai. Raina yana faɗa min na yi nasara, na tsare mata shafinta, ko wasali ɗaya ba za a taɓa ba. Na zo layin da na fi so, wanda na rubuta tun ranar farko, "Gwaggo ce ke haɗa shi da hannunta, kuma ita za ta amsa kiranki."

"Tsaya."

Na ɗago. Ta ɗaga yatsa, irin ɗagawar nan.

"Wannan ya zama ƙarya yanzu. Tun damina biyu ya kamata a gyara rabinsa, na yi shiru don kada ranta ya sosu. Goge."

Na ce, "Gwaggo, wannan kam a bar shi mana. Shi kaɗai."

"Da tana nan za ta bar shi?"

Na yi faɗa da Yaya don kada a taɓa shafin, ga shi ni ce zan taɓa. Na sa yatsa na goge layin, harafi bayan harafi, ban ma gani sosai don hawaye. Ranar jana'iza ban yi kuka irin wannan ba. Da wurin ya zama fari na ce, "Me zan sa?"

"Sa ta rasu. Sa ƙanwarta ce ke haɗawa yadda ta koya mata. Azaren kuwa bar ta a inda take."

Ina cikin rubutawa na ji muryar Yaya daga bakin ƙofa, a dashe. "Ki ƙara da Allah ya jiƙanta."

Na ƙara.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Ya sa kabarinki ya fi rumfarki ƙamshi, ya yafe miki, ya yafe min abin da na rubuta a kanki. Wannan rubutun a shafinki zan liƙa shi, a sama, inda injin bincike zai fara cin karo da shi, kuma ba zan cire ba. Na sake duba manhajar jiya, har yanzu cewa take yi Maiduguri aka fi nema. Ta yi ta faɗa. Wayar tana hannun Gwaggo Ƙarama, kuma da safen nan na ji ta tana gaya wa wata a Kaduna cewa ɗan tsunkule ya isa.